Wutar Commodore 64 da ta Apple IIe: wacce za a gyara, wacce za a jingine?

Wani ɗan'uwa a nan zauren ya samo tsofaffin kwamfutoci biyu, Apple IIe da Commodore 64. Ya ce da ya jona Apple ɗin sai ta yi "fas", hayaƙi mai ɗoyi ya turnuƙe ɗaki. Ita kuwa Commodore jar fitilarta ta kama, amma allo baƙi ƙirin. Tambayarsa: wacce ta fi lalacewa, kuma gyaran na'urar wutar zai yi ko sabuwa zai nema?

Malam, mai hayaƙin ita ce mai sauƙi. Commodore ɗin ce za ka zare daga soket yanzu, kada ka sake kunna ta sai ka auna.

Tun Apple II ta 1977, injiniya Rod Holt ya tsara wa kamfanin na'urar wuta mai datsa lantarki da sauri, wadda ba ta buƙatar ƙaton taransifoma, kuma IIe ta 1983 a kan wannan tsari ta zo. Akwatin ƙarfe ne a cikin kwamfutar, yana fitar da volt +5, -5, +12 da -12. Hayaƙin da ka gani, kusan kullum wani ɗan kafasito ne (abin da ke riƙe caji) na kamfanin RIFA da ke bakin shigowar wuta, aikinsa tace ƙazantar lantarki kawai. Cikinsa takarda ce, jikinsa roba mai ruwan zuma. In ya tsufa sai robar ta tsattsage, laima ta shiga, ya fashe. Buɗe akwatin za ka gan shi ya dare, gefensa duk baƙin toka. Ba ya tura komai cikin bod, wato babban faifan da kayan kwamfutar ke kai, shi ya sa wani lokaci kwamfutar ke ci gaba da aiki tana hayaƙi. Narka dalmarsa ka cire shi, ka sa sabo mai lamba ɗaya da nasa, wanda aka rubuta X2 a jiki. Sai dai ka kiyaye hannunka: manyan kafasiton da ke ciki suna iya riƙe sama da volt 300 bayan an zare waya, don haka a sauke cajinsu ta resisto kafin a taɓa. In bayan gyara ka ji akwatin yana "tik-tik-tik", ko dai wani abu ya haɗe a bod, ko kafasiton ruwa sun bushe. Kashe ta ka zare katunan da ke ramuka ɗaya bayan ɗaya. Kuma irin wannan wuta ba a auna ta babu kaya a kanta, wato babu abin da ke jan wuta daga gare ta, mita za ta yi maka ƙarya.

Ta Commodore 64, wadda ta fito a 1982, wani abu ne daban. Bulo ne mai nauyi a waje, cikinsa taransifoma da regileta mai daidaita wuta irin 7805, yana ba da volt 5 DC da volt 9 AC. Da yawansu an cika cikinsu da ƙaron roba ya daskare, ga zafi ya rasa mafita, ga shi ba ka isa ga kayan ba sai da guduma. In regiletar ta gaza, sau da yawa ba ɗaukewa wutar take yi ba, hawa take yi. Layin 5 ɗin nan kai tsaye yake zuwa ga RAM, ma'ajiyar aikin kwamfutar, ƙwayoyi takwas a tsofaffin bod, su ne ke fara ƙonewa. Macijin ƙaiƙayi ke nan, ba ƙara ba wari.

Zare filogin daga jikin kwamfutar ka auna da mita. Layin 5 bai kamata ya wuce 5.25 ba. Na 9 in ya nuna 10 da ɗoriya babu kaya, ba laifi. Amma ko ya nuna daidai da sanyi, ban yarda da shi ba, don wasu sai sun yi zafi suke haukacewa. A ganina bulon nan a jingine shi don tarihi, a sayi sabo mai kariya daga hawan wuta. Cajar waya ita kaɗai ba ta wadatar, saboda AC ɗin nan dole ne.

Baƙin allonka ma mai yiwuwa daga nan yake. Jar fitilar a layin 5 take, shi kuwa 9 AC ta wani fiyus na gilashi yake bi a cikin kwamfutar, kuma a tsofaffin bod daga gare shi ake samar da volt 12 na ƙwayar hoto VIC-II da ta sauti SID. Fiyus ya yanke, fitila za ta kama, hoto babu. Fara duba shi. In lafiyarsa ƙalau, sai a koma kan RAM da ƙwayar PLA mai tsara zirga-zirga tsakanin ƙwayoyin, ka taɓa bayansu ka ji wadda ke ƙuna fiye da saura.

Abu ɗaya ya haɗa su: karanta rubutun jikin kowace. Kayan Amurka na volt 120 ne, wutarmu ta Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, to sai da taransifoman rage wuta. Kunnawar farko kuma kada ta zama a kan ƙaramin janareta. Ga Apple ɗin, jera kwan fitila mai zare, wat 60, a kan wayar shigowa: in ya haska ya dushe, ci gaba, in ya tsaya da haske tangaran, akwai haɗewa a ciki, kashe.