Shayin pu'er na tsoffin bishiyoyi: daɗi kam akwai, amma mai shagon bai kyauta min ba

A kasuwar Fangcun da ke Guangzhou na saye shi, masu zuwa sarin kaya sun san wajen, layi-layi ne na 'yan shayi kuma pu'er ne ya cika ko'ina, wani shayin China ne da ake matse ganyensa ya zama kamar faifai. Ɗanyen na ɗauka, wanda ake barin sa ya tsufa da kansa shekara da shekaru, ba baƙin nan ba da ake jiƙa ganyen a tara shi ya tsumu cikin 'yan watanni, dabarar da suka ɓullo da ita a 1973. Faifai ɗaya ne mai gram 357 a naɗe cikin takarda, an buga 2012 a jiki, mai shagon ya rantse daga tsaunin Yiwu yake a lardin Yunnan, wai bishiyoyin sun haura shekara ɗari. Kuɗin kuwa kada ma ku tambaya.

Gaskiya a shagon ya tafi da ni. Su ba sa sayar maka sai sun zaunar da kai sun haɗa ka sha, ruwan farko zubar da shi ake yi don wanke ganyen, sannan a sake zuba tafasasshen ruwa a tsiyaye nan take cikin wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna, ba sukari ba madara, in an zuba maka kuma ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsu ke nan. Kurɓar farko ɗaci ne da bauri har na ce a raina me ya kawo ni, ina haɗiyewa sai wani zaƙi ya taso daga can maƙogwaro, miyau ya cika min baki, wallahi har na koma masauki ina jin sa. Kuma ganye ɗaya ne aka yi ta zuba wa ruwa ya fi sau goma bai salance ba.

To da na dawo gida na sa tsinke na ɓantari faifan ne raina ya ɓaci. Saman ganye ne dogaye masu kyau har da 'yan tohon nan masu farin gashi, amma ciki? Ɓurɓushi da karare, irin aikin masu tumatir da ke jera manya a saman kwando su cusa na banza a ƙasa. Sai a lokacin na tuna ashe wanda ya ba ni na ɗanɗana daga wani gwangwani ya ɗebo, ba daga faifan da na biya ba. Na haɗa shi yadda na ga suna yi, baurin ya kama min harshe, zaƙin nan kuma da kyar ya leƙo, zubi na biyar ya koma ruwan zafi kawai. Na tura masa hoto ta WeChat sai mutumin nan ya ce wai ruwanmu ne ba shi da kyau. Ruwanmu ne ya shiga cikin faifan ya sa karare?

Amma tsakani da Allah maganar ruwan akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da na bar na rijiyar burtsatse na koma na gora sai shayin ya buɗe, ƙamshi ya fito kamar na busasshen itace da ɗan zuma-zuma, launinsa ja-ja mai haske, ba shi da warin rumar da ake ji a wanda aka ajiye a ɗaki mai damshi. Tsufan dai na yarda ya tsufa. Yanzu da la'asar nake sha, don da daddare ba za ka runtsa ba, kuma kada ka kuskura ka sha da yunwa, jiri zai ɗebe ka hannu na rawa. Sanyin hunturu ma ba ya masa daɗi, bushewa yake ƙamshin ya gudu, dole na sa shi a leda mai zif nesa da kicin saboda yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi.

Sai dai ni ba kuɗin shayi mai daɗi na biya ba, kuɗin tsohuwar bishiya na biya, kuma takarda ai kowa zai iya bugawa. Sunan Yiwu da Lao Banzhang, wani ƙauyen Yunnan da shi ma ya yi suna a shayi, kusan kowane shago za ka gan shi, ƙauyuka nawa ne da za su cika kasuwa haka? Duk mai son saye ya sa a ɓantari faifan da zai ɗauka a gabansa, daga tsakiya, a haɗa masa shi. Mutumin nan har yau bai amsa maganar karare ba, amma bai fasa turo min tallan sabon kaya ba, wai farashin aboki.