Na aika dalolin azurfa huɗu a tantance, ta New Orleans ta dawo da maki 58

Tsabobi huɗu na aika wa ɗaya daga cikin kamfanonin tantancewa na Amurka, dukkansu dalar Morgan, tsohuwar dalar azurfa ta Amurka: 1881-S, 1884-CC, 1921-D da 1892-O. Lambar shekara ce, harafin kuma na masana'antar da ta buga ta: S San Francisco, CC Carson City, D Denver, O New Orleans. Kuɗin da suke karɓa kun san shi, ba sai na faɗa ba. Kafin su bar hannuna na ɗora kowacce a sikeli, giram 26.73 ne nauyin dalar Morgan, faɗinta milimita 38.1, azurfa kashi 90 da jan ƙarfe kashi 10. Babu wadda ta kauce, don haka ban ji tsoron jabu ba. Maki nake nema.

Biyu daga ciki ba ni da ta cewa. Ta 1881-S ta samu MS64, wato maki 64 cikin 70 a rukunin tsabar da ba ta zaga kasuwa ba, daidai da hasashena, ga shi dama San Francisco ta wannan shekara ta yi suna wajen bugu mai kaifi. Ta Carson City ta samu MS63 saboda tabon buhu guda biyu a kuncin matar da aka zana a gaban tsabar. Wannan adalci ne. A buhuna na dubu-dubu aka ajiye waɗannan daloli shekara da shekaru suna gugar juna, kuma tabon da ya faɗo a kunci ya fi wanda ya ɓuya cikin gashi cin maki.

Ta 1921-D kuwa ba su ba ta lamba ba, sun rubuta cewa an wanke ta. Na ji haushi, amma da na sa ta ƙarƙashin fitila na karkata, sai ga siraran layuka a jere duk sun fuskanci gefe ɗaya, a filin da ke gaban fuskar. Zanen tsumma ne. Sun yi gaskiya, idona ne ya tsallake. Mu da muka taso muna ganin ana goge awarwaron azurfa da toka har ya ɗauki ido, sai mun yi da gaske mu yarda cewa a wannan harka gugewa ɓarna ce. Ƙyallin asali daga matsin bugu yake fitowa, ƙarfe ne ya gudu daga tsakiya zuwa baki ya bar ƙananan layuka, shi ya sa haske ke juyawa a kanta kamar ƙafar keke idan an karkata ta. Da zarar an goge, ya tafi ke nan. A nan na ce aikinsu ya ci kuɗinsa.

Sai na buɗe ta huɗu.

AU58 suka ba 1892-O. Ga wanda bai saba ba, ma'aunin da ake bi na Sheldon ne, daga 1 zuwa 70, kuma daga 60 ne ake cewa tsaba ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba. Wato 58 na nufin ta ɗan ci hannu. Tsakanin 58 da 62 a wannan shekara ba tazarar wasa ba ce a farashi, masu saye sun sani. Ni kuwa har gobe ina kan bakana cewa tsabar nan ba ta zaga kasuwa ba.

Gashin da ke saman kunnen matar a shafe yake, gashin ƙirjin gaggafar da ke baya ma haka. Waɗannan su ne wuraren da suka fi tudu, su hannu ke fara ci, gaskiya ne. Amma su ne kuma wuraren da ƙarfe ke gaza cikawa idan bugu ya yi rauni, kuma duk mai tara Morgan ya san halin New Orleans, musamman 1892, tana cikin mafi raunin bugu a jerin gaba ɗaya. Yadda ake rabewa ba ɓoyayye ba ne. A kashe fitilun ɗaki a bar ƙwai ɗaya, a riƙe tsabar ta baki da yatsu biyu, a sa gilashi mai ninki biyar ko goma, a juya ta a hankali. Idan cin hannu ne, ƙyallin zai yanke a kan tudun, wurin ya yi toka-toka, kuma za a ga irin wannan dushewa a kunci da filin da babu zane. Idan raunin bugu ne, wurin a shafe yake amma launinsa ɗaya da sauran jiki, haske na ratsa shi ba ya tsayawa. Tawa haske na wucewa ta saman kunnen ba tare da yankewa ba. Kuncin fes yake. Na duba da safe, na duba da dare, abu ɗaya nake gani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu bayani ko layi ɗaya. Lamba ce kawai a takardar da ke cikin gidan robar da suke rufe tsaba a ciki. Idan sun ga gogayya a wani wuri da ban gani ba, a gaya mini inda take: kunci ne, gashi ne, fiffike ne? Da na koyi wani abu, kamar yadda na koya a kan ta Denver. Na rubuta musu, amsar da ta zo ita ce in biya kuɗin sake dubawa. To, in biya a kan me, alhali ban san laifin da aka kama ta da shi ba?

Da na fara tonon kuma sai sauran abubuwan suka taso. Mako goma na jira, ba shi aka ce mini ba. Gidan robar ta Carson City ya zo da ƙarzuwa daidai kan kunci, inda duk mai saye zai fara kai ido, har sai an karkata kafin a gane cewa a roba take ba a tsaba ba. Yabon da na yi a sama ban janye shi duka ba, amma ya ragu ƙwarai.

Wanda zai aika, ya tsaya kan waɗanda tantancewa ke da amfani a kansu: 1893-S da aka buga 100,000 kacal, ko 1889-CC mai 350,000, inda ’yan damfara ke liƙa harafin masana'anta a ƙasan furen baya, saman kalmar dala. A irin waɗannan zan sake biya ba tare da jinkiri ba. Amma tsabar New Orleans mai shafaffen kunne, a ɗauki hotonta gaba da baya ƙarƙashin fitila ɗaya kafin ta tafi, kuma a cire ta daga jakar leda mai laushi, wadda ke barin koren danƙo a jikin azurfa. Ita 1892-O tana nan cikin robarta. Idan na fasa robar na sake aikawa, ba wurinsu za ta koma ba.