Gargaɗi ga manoman wake: kada ku biya kowa "kuɗin haƙƙin iri"

Jama'a, don Allah a isar da wannan ga duk mai noman wake, musamman dattawanmu da ba sa hawa intanet.

Ranar kasuwar da ta wuce wasu mutum biyu suka yi sallama a ƙofar gidan kawuna, kowanne da kati rataye a wuya. Suka ce su wakilan kamfanin waje ne mai irin waken da ya shuka, wato SAMPEA 20-T, wai tunda ya ajiye iri daga girbin bara ya sake shukawa bana, ya ci haƙƙin kamfani. Ko ya biya eka-eka nan take, ko sammaci ya same shi. Har da nuna masa hoton wani tsohon Bature a waya, suka ce ga wanda ya yi taurin kai. Na shigo na tarar Kawu yana kwance ƙullin kuɗin da ya ɓoye don maganin feshi, hannunsa na rawa. Da na ce mu ɗunguma gidan dagaci a biya a gabansa, sai suka ce za su ɗauko rasit a mota. Har yau ba su dawo ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, da labarin gaskiya suke lulluɓe ƙaryarsu. An yi shari'a a Amurka tsakanin kamfanin iri na Monsanto da wani manomin jihar Indiana, Vernon Bowman, wanda ya riƙa sayen waken soya mai ɗauke da fasahar kamfanin a rumbun 'yan kasuwa yana shukawa, yana kuma ajiye iri. A 2013 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba kamfanin gaskiya, diyyar sama da dala dubu 84 ta hau kansa. Amma wannan waken soya ne, a ƙarƙashin dokar Amurka.

Namu daban ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ta samar da SAMPEA 20-T tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, aka sake shi ga manoma a Disambar 2019. An sauya masa ƙwayoyin halitta ne don ya jure tsutsar nan mai huda fure da kwanso, har feshi ya ragu daga sau shida zuwa takwas ya koma kamar sau biyu. An kuma karɓo fasahar ne bisa sharaɗin manomi ba zai biya kuɗin haƙƙin mallaka ba. Kuɗin da ka ba dila lokacin sayen iri, shi ke nan.

In sun zo muku, kada ku sa hannu ko dangwala yatsa a kowace takarda, kada ku tura ko kwabo ta POS. Ku riƙe lambar motarsu, ku kira malamin gona da mai unguwa, sannan a kai ƙara ofishin 'yan sanda da hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC.