Wane Akwati Ya Dace da Mai Shiga Jirgin Ƙasa a Ƙasashen Waje?

Mafi yawan mutanenmu da ke shirin fita waje daga Bauchi, ko ɗalibi ne da ya samu gurbin karatu a Ingila, ko mai niyyar Umara, ko ɗan kasuwar da zai je sarin kaya a Sin, suna sayen akwati ne da lissafin jirgin sama kaɗai. Abin da suka riƙe a ka shi ne kilo 23, wato nauyin da yawancin kamfanonin jiragen sama suka yarje wa kowane akwati guda, don haka suke neman mafi girman da zai cinye wannan nauyi. Ba laifinsu ba ne, domin duk da cewa layin dogo ya iso Bauchi tun 1961, an daɗe rabon da jirgin fasinja ya zama abin hawan yau da kullum a wannan yanki, kuma a tashoshin motarmu ba a rasa ɗan dako ko mai baro, balle yaran gida da ke yi wa matafiyi rakiya har bakin mota. A ƙasashen da jirgin ƙasa shi ne babbar hanyar zirga-zirga tsakanin birane, duk waɗannan hannaye babu su.

A filin jirgin sama mutum yana miƙa akwatinsa ne a ba shi ɗan tikitin shaida, ba zai sake ganinsa ba sai ya sauka. A galibin jiragen ƙasa na Turai da Asiya kuwa babu wanda zai karɓi kaya daga hannunka. Kai za ka ja shi tun daga ƙofar tasha, ka haura ko ka gangara matakala idan na'urar hawa ta lalace ko ta cika, ka ɗaga shi zuwa cikin tarago, sannan ka nema masa wurin zama. A tashoshin kan hanya jirgi ba ya wuce minti biyu ko uku a tsaye, kuma ƙofa takan rufe da kanta ba tare da ta jira kowa ba. Wuraren ajiya ma ƙayyadaddu ne: akwai kanta a saman kujeru wadda ƙaramin akwati kaɗai take ɗauka, akwai maajiyar manyan kaya a bakin ƙofar tarago wadda waɗanda suka riga shiga sukan cike ta, sai kuma ɗan sararin da ke tsakanin kujeru biyu da suka juya wa juna baya. Duk wanda zai sayi akwati ya kamata ya hango waɗannan wurare a zuciyarsa kafin ya zaro kuɗi.

Bayan wahalar ɗauka akwai doka, kuma dokar da ta fi shafar mutanenmu ita ce ta jirgin Haramain, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina, tafiyar kimanin kilomita 450 da ke ratsawa ta Jidda. Ƙa'idar jirgin ita ce babban akwati guda ɗaya wanda bai wuce kilo 25 ba, girmansa kuma bai haura santimita 65 da 55 da 35 ba, sai 'yar jakar hannu. A duba wannan lamba ta 65 da kyau, domin babban akwatin da alhazai da masu Umara suka saba saye ya zarce ta da kusan santimita goma. Mutum zai iya tashi daga gida da akwatin da jirgin sama ya karɓa ba tare da ƙorafi ba, ya iso tasha a Jidda ko Madina ya tarar bai cika sharaɗin jirgin ƙasa ba, alhali yana cikin harami ga gajiyar hanya. A Sin ma ƙa'idar a matse take: a jiragen ƙasa masu gudun gaske, idan aka haɗa tsawo da faɗi da kaurin kaya ba a so su wuce santimita 130, nauyi kuma kilo 20 ga babban mutum. Ɗan kasuwar da zai bar Guwanzu zuwa Yiwu a irin wannan jirgi ya san da haka tun kafin ya bar gida.

Turai ta fi sassauci a takarda. Jirgin ƙasan Eurostar da ke haɗa Landan da Faris ya yarda da akwati biyu masu tsawon da bai wuce santimita 85 ba, da jakar hannu, kuma bai yanke nauyi ba, sai dai ya shardanta cewa mai kaya ya iya ɗaukar abinsa da kansa. A Faransa, tun daga 2024 jiragen ƙasa masu gudun gaske na TGV suka taƙaita fasinja ga manyan kaya biyu da jakar hannu, tare da tarar yuro 50 ga wanda ya saɓa, kuma dole a maƙala suna a jikin kowane akwati. A Japan, tun 2020, kayan da jimillar awonsu ta haura santimita 160 suna bukatar a kama kujera ta musamman tun da wuri a layin jirgin ƙasa mai gudun gaske na Shinkansen da ya haɗa Tokyo da Osaka. Kamfanoni sukan sauya waɗannan ƙa'idoji, saboda haka a leƙa shafin kamfanin a intanet kafin a yanki tikiti.

Idan aka shiga kasuwar Wunti da ke Bauchi, akwatunan da za a tarar ana kiran su ne da inci, kuma galibi a saiti suke zuwa irin na lefe, ƙarami cikin babba. Mai inci 28 shi ne mai shago zai fara nuna maka, yana cewa, "Alhaji, ɗauki wannan, komai zai shige." Gaskiya ya faɗa, komai zai shige, kuma nan ne matsalar take. Tsayinsa da tayoyi yakan kai kusan santimita 75, jimillar awonsa tana dab da santimita 158 da jiragen sama suka yanke, wanda ke nufin ya faɗi a ma'aunin Haramain da na Sin baki ɗaya. Ba ya hawa kantar sama, ba ya shiga tsakanin kujeru, a lungun da ke tsakiyar tarago kuma da ƙyar yake wucewa. Ga shi sarari yana jan kaya, domin duk wanda ya ga gurbi a akwati sai ya cike shi, har nauyi ya kai inda mutum ɗaya ba zai iya ɗaga shi matakala uku ba. Wanda ya dace da shi shi ne ɗalibin da zai tare na shekara ɗaya ko fiye, wanda sau ɗaya zai shiga jirgin ƙasa daga filin jirgin sama zuwa garin makarantarsa. Mai inci 32 kuwa ban ga wanda zan ba shawarar ya saya don irin wannan tafiya ba, tunda ko a jirgin sama yakan jawo ƙarin kuɗi.

Mai inci 20, wanda ake shiga da shi cikin jirgin sama, tsayinsa kusan santimita 55 ne, babu jirgin ƙasan da zai ƙi shi, kuma yana zama a kanta saman kan mai shi inda ido ke kansa. Ya ishi mai zuwa taro ko ganin likita na kwanaki kaɗan. Sai dai suturarmu ba ta da ƙanƙanta, babbar riga guda ɗaya ta shadda da aka yi wa sitati tana cin wurin da ƙananan kaya huɗu za su ci, haka ma atamfa da leshi da mayafai, kuma idan tafiyar ta faɗo cikin hunturu rigar sanyi kaɗai za ta kwashe rabin akwatin.

Saboda haka ni a ganina matsakaicin, wato mai inci 24, shi ya fi cancanta ga mafi yawan matafiya, a haɗa shi da jakar goyo. Yana ɗaukar kayan mako biyu cikin walwala, idan an cika shi da tufafi da wuya ya kai kilo 20, kuma lafiyayyen mutum zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya ya dafa ƙarfen ƙofa da ɗayan. Amma akwai abin lura: incin da ake faɗa sau da yawa na gangar jikin akwatin ne, ban da tayoyi da mariƙi, alhali ma'aikacin tasha da su zai auna. Wani mai inci 24 yakan tsaya a santimita 64, wani ya kai 68, kuma wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin shiga ma'aunin Haramain da fita daga cikinsa. Mai zuwa Sin zai fi samun kwanciyar hankali da mai inci 22, domin jimillar awon mai 24 takan ɗara 130 da kaɗan. Hanyar da ta fi ita ce a ari tef ɗin tela a tafi da shi kasuwa, a auna tun daga ƙasan taya har saman mariƙi, kada a dogara da abin da aka rubuta a takardar jikinsa.

Jakar goyo har yanzu wasu manya suna ganinta ta 'yan makaranta ce, alhali a jirgin ƙasa babu abin da ya kai ta amfani, saboda tana barin hannu a sake don nuna tikiti ko riƙe yaro, kuma a cikinta fasfo da kuɗi da magani da cajar waya ya kamata su zauna, tunda babban akwati yana can bakin ƙofa inda mutane ke shiga da fita a kowace tasha. Jakar Gana-mas-go kuwa, duk da arharta da rashin nauyinta, ba ta da taya, zif ɗinta ba ya jure matsi, kuma jan ta a ƙasa tsawon tasha yana huda ta. A bar ta wa motar haya.

Batun taya da jiki ba ya bukatar dogon bayani. Mai taya huɗu ya fi sauƙin turawa a tsaye cikin lungun tarago, amma yakan gangara da kansa idan jirgi ya yi kwana, sai an kwantar da shi, kuma ƙananan tayoyinsa sukan karye a titunan duwatsu na tsofaffin biranen Turai. Mai taya biyu ya fi ƙwari a irin wannan hanya. Mai jikin roba mai tauri yana kare abin fashewa da ruwan sama, mai jikin yadi kuma yana lanƙwasa ya shiga matsattsen wuri. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne nauyin akwatin kansa kafin a sa masa komai, domin wasu sukan kai kilo biyar, da kuma mariƙi na gefe wanda da shi ake ɗagawa a matakala. Akwatin gwanjo mai ƙwarin taya da zif ya fi sabo mai sheƙi wanda mariƙinsa ke rawa tun a shago.

Wanda zai yi tafiya da mahaifiya ko mahaifi da suka manyanta ya ƙidaya hannayen da za su iya ɗauka, kada ya ƙidaya kawuna, domin idan mutum uku ne kuma ɗaya ne mai ƙarfi, akwati uku manya sun fi ƙarfinsa a tsayuwar minti biyu. Haka nan tsaraba, wadda ita ce ke ninka kaya a dawowa: a jinkirta sayen dabino da jallabiya da turare har sai an isa garin da daga shi za a hau jirgin sama, ɗan kasuwa kuma ya miƙa hajarsa ga kamfanonin dakon kaya da ke aikowa Najeriya, ya shiga jirgin ƙasa da akwatin tufafinsa kaɗai.