Hanyoyin zuwa wasu taurari: wacce ta cancanci kuɗinka da lokacinka?

Idan kana cikin masu son tallafa wa wani shirin sararin samaniya da ɗan abin da Allah ya hore, ko kana neman fannin da za ka karanta don a yi wannan tafiya da kai, fara da sanin nisan. Tauraron da ya fi kusa da rana shi ne Proxima Centauri. Haske yana shafe shekara 4.24 kafin ya iso mana daga can, wato kusan kilomita tiriliyan 40. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana cin kilomita 17 a kowace daƙiƙa, amma da can ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Saboda haka rokar da muka sani, mai ƙona mai, ba ta cikin lissafi.

Ma'aunina guda ne: an taɓa harba abin ya yi aiki, ko har yanzu a takarda yake?

Shirin Orion na Amurka, wanda aka fara a 1958, ya so a riƙa fasa bama-baman nukiliya a bayan kumbo suna ingiza shi. Yarjejeniyar 1963 ta hana gwajin nukiliya a sararin samaniya, shirin ya mutu. Kumbon Daedalus, wanda masana a Ingila suka zana tsakanin 1973 da 1978, yana buƙatar tan 50,000 na makamashi, har da wani nau'in iskar hiliyom da sai an ɗebo daga duniyar Jufita. Akwai kuma ƙaton jirgin da za a hayayyafa a cikinsa, jikokin jikoki su isa. A 1991 an rufe mutum 8 a ginin Biosphere 2 a jihar Arizona ta Amurka don gwada irin wannan zama, iskar shaƙa ta yi ƙasa har sai da aka ƙara musu daga waje, alhali zaman na shekara 2 ne kacal. Batun lanƙwasa sararin samaniya don taƙaita tafiya, wanda masanin kimiyya Miguel Alcubierre ya kawo a 1994, kuwa lissafi ne a allo.

Ni dai laimar haske na zaɓa. Haske yana tura duk abin da ya faɗa a kai, turin ne kawai ba shi da ƙarfi. Idan ka shimfiɗa madubi mai faɗi, wanda bai kai ledar burodi kauri ba, a inda babu iskar da za ta tare shi, wannan ɗan turin yana taruwa ba dare ba rana. Babbar matsalar roka ita ce mai: don ka ƙara gudu sai ka ƙara mai, shi kuma man da ka ƙara yana buƙatar wani man da zai ɗauke shi. Laima ba ta ɗaukar ko ɗigo. Kuma an gani da ido. Japan ta harba IKAROS a 2010, ya buɗe laimarsa mai mita 14 ta kowane gefe, ya wuce ta kusa da duniyar Zahara. A 2019 ƙungiyar Planetary Society ta harba LightSail 2 mai faɗin murabba'in mita 32 da kuɗin karo-karo na mutane irinmu, ya sauya hanyar da yake zagaya duniya da hasken rana zalla, ya yi aiki har 2022.

Hasken rana yana raguwa idan an yi nisa, don haka aka kawo shawarar leza, wato na'urar da ke harba haske mai ƙarfi a tsuke zuwa wuri guda. A 2016 attajiri Yuri Milner, tare da masanin kimiyya Stephen Hawking, ya sanar da shirin Breakthrough Starshot da alkawarin dala miliyan 100 don bincike. Tsarin shi ne a haɗa leza mai ƙarfin gigawat 100 a nan ƙasa, a haska wa ƙananan laimomi masu nauyin 'yan giram na wasu mintoci, su kai kashi 20 cikin 100 na gudun haske, su isa cikin shekara 20 da 'yan kai. Wanda ya harba zai iya ganin hoton da za su aiko kafin ya bar duniya, abin da ya fi ja na ke nan.

Aibun laimar a fili yake. Ba ta da birki, ƙwayar ƙura na iya huda ta a wannan gudu, ba a gina lezar ba, shirin Starshot ma ya yi sanyi. Mutum kuma ba giram ɗaya ba ne. Amma injin, wato lezar, a gida zai zauna, ana iya gyara shi a ƙara masa ƙarfi, a tura 'yan leƙen hanya dubu kafin a yi maganar aika ɗan Adam.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne ake cin kuɗin jama'a. Wani kamfani ya taɓa karɓar kuɗina da sunan zai raɗa wa tauraro sunan 'yata. Takarda ta zo da hatimi mai ruwan zinare da taswira, amma babu wani masanin taurari a duniya da ya san da sunan. Ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ita ke tabbatar da sunaye, kuma ta faɗa ƙarara cewa ba ta sayarwa. Haka masu sayar da fuloti a duniyar wata: yarjejeniyar 1967 ta hana ƙasashe ma mallakar wata, balle wani mai shago ya yanka maka fili. Cinikin biri a sama ne.

Ka tuna da kamfanin Mars One na ƙasar Holan, wanda ya karɓi kuɗin rajista daga masu son zuwa duniyar Mas, ya karye a 2019 bai harba komai ba. Ka tuna da injin EmDrive da aka ce yana tafiya ba tare da fitar da komai ba, jaridu suka yi ta yayatawa, sai masu bincike a Dresden ta Jamus suka auna shi da kyau a 2021 suka tarar babu turin. Yanzu kuma ga bidiyon bogi a TikTok da Facebook, da tambarin NASA a kusurwa, ana cewa an ƙera jirgin da ya fi haske gudu, a ƙasa kuma ga lambar asusu ko wani sabon kirifto.

Kafin ka tura ko sisi, nemi sunan kumbon, ranar da aka harba shi, da rokar da ta ɗauke shi. Idan bincike ne bai kai ga harbawa ba, nemi jami'ar da mujallar da ta buga sakamakon. Wanda ya ba ka ranar tafiya da farashin kujera zuwa wani tauraro, toshe lambarsa. Ɗalibi kuma ya dubi fannin leza da kimiyyar ƙera kayayyaki marasa nauyi, don su ne abin da laimar ke jira.