Kayan sanyi na masu fatsa: sun yi mini rana a tafki, sun ba ni kunya a Kogin Trent

A farkon Disamba na sayi wannan kayan, jaket da wandonsa mai hawa har ƙirji. Da a watan Janairu na rubuta sharhin nan, taurari biyar zan ba su ba tare da na yi wata-wata ba. Yanzu kam sai a hankali.

Gaskiya dai a tafki sun yi. Ina fatsar kifin karp a wani babban tafki a yankin Oxford, irin tsofaffin ramukan nan da aka haƙi tsakuwa daga baya ruwa ya cike su. Duk wanda ya taɓa wannan harka a hunturun Ingila ya san rabin aikin zama ne. Rana ta faɗi tun wajen ƙarfe 4 na yamma, ba ka sake ganinta sai wajen 8 na safe. Ruwa kuma idan ya sauka zuwa digiri 4 ko 5, karp yakan rage ci ƙwarai, su dunƙule wuri ɗaya, sai wani ɗan taƙaitaccen lokaci su motsa su nemi abinci su koma. Ka jefa sandunanka uku, tunda ka biya lasisin sanda uku, ka sa ɗan ƙwallon abinci ɗaya mai launin ɗorawa a kowace ƙugiya, ka shige tanti kana sauraron ƙararrawar da ke kuka in kifi ya ja zare.

Wajen ƙarfe 3 na dare tawa ta yi kuka. Na fito na tarar raɓa ta daskare a kan tantin, homar ma ta sandare, sai da na tsoma ta a ruwa kafin ragar ta saki. Na daɗe tsaye iska na dukana daga tsakiyar tafki, ina ja yana ja, sannan na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar katifar da ake kwantar da kifi na cire ƙugiya, na auna, na mai da shi. Ya ɗan haura laba 20. Ba wani abin kai labari ba ne a ƙasar da tun 1952 Richard Walker ya kama mai laba 44 a tafkin Redmire, amma a tsakiyar Janairu ni dai na gode Allah. Gwiwoyina a bushe, bayana da ɗumi, yatsu ne kawai suka ji jiki. Har hoton kayan na tura wa wani ɗan uwa a Leicester na ce ya saya, ya kuwa saya.

Ko a lokacin akwai abu ɗaya da ya dame ni na kau da kai. Bakin hannun jaket ɗin roba ce mai matse wuyan hannu, ba ya naɗuwa ko kaɗan. In za ka yi alwalar asuba sai ka tuɓe jaket ɗin gaba ɗaya a cikin wannan jaura. Na ce ba komai, ba don mu aka ɗinka ba.

Sai gasar kogi a watan Fabrairu, a Trent, ƙasa da Nottingham. Ga wanda bai san tsarin ba: da safe kowa ya zaro lamba, lambar ita ce wurin zamanka a bakin kogi, ba ka da ikon matsawa. Awa biyar ake yi. Abin da ka kama ka zuba a doguwar ragar ajiya cikin ruwa, a ƙarshe a bi layi da sikeli a auna, a mai da kifin kogi. Ba irin ta Argungu ba ce da mai kifi mafi girma ke lashewa, nan jimillar nauyi ake dubawa, saboda haka hannunka ba ya hutawa: jefa tsutsa, saki zare, ɗago, cire, sake jefawa. Kuma duk a zaune kake a kan akwati.

Ba a yi awa ɗaya da busa usur ba aka tsuge da ruwa, irin na Ingila mai siriri wanda ba ya ɗaukewa. Ban damu ba, ai takardar da ke jikin kayan ta ce yadin na jure ruwa har milimita 10,000, kuma an like kowane ɗinki ta ciki. Can sai na ji wani sanyi yana bin cinyata. Na ɗauka iska ce. Ashe ruwan da ke gangarowa daga jaket yana taruwa a kan cinya, ya sami ɗinkin tsakiyar wandon ya bi ta nan. Kafin a raba lokaci biyu, wallahi a cikin ruwa nake zaune tsundum, har ya gangara cikin safa. Ta sama kuma, duk lokacin da na ɗaga hannu na jefa, robar nan da na ce tana matsewa sai ta tsotsi ruwa ta kai shi har gwiwar hannu. Ita ba ta bar ni na yi alwala ba, kuma ba ta hana ruwa shiga ba.

Abin baƙin cikin, lambar da na zaro mai kyau ce. Wasu ƙananan kifaye masu jajayen idanu sun taru a gabana suna cin tsutsa, amma jikina na kakkarwa, yatsuna sun ƙi riƙe ƙugiya ƙarama. Ɗaurin da nake yi ido rufe sai da na yi ta fama da shi. Dattijon Baturen da ke lamba ta gaba, sanye da wata tsohuwar rigar ruwa da duk ta koɗe, ya taso ya ba ni shayi daga fulas ɗinsa, ya dubi wandon ya girgiza kai ya ce waɗannan na 'yan karp ne, masu kwana a tanti. Na ji zafin maganar, amma haka take. A tafki ruwa kan same ka na 'yan mintuna ka koma ciki. A gasa kuwa awa biyar kana zaune a kan ɗinkin. Sai dai tallar tasu cewa ta yi kowace irin fatsar hunturu, har da hoton mutum a kan akwatin gasa. Ban tashi ba sai da aka auna, na ƙare can ƙasan jeri, na tuƙo mota gida da leda shimfiɗe a kujera.

Da na juya wandon a gida sai ga shi ƙarara: tef ɗin da aka like ɗinkin da shi ya ɗago kusan tsawon taƙi guda, ana iya zura yatsa. Kayan da ko wanki bai taɓa gani ba.

Na rubuta wa shagon da hotuna. Amsar farko wai lalacewar amfani ce, sun ba ni rangwame in sayi wani. Rangwame! Sai da na tuna musu dokar masu saye ta 2015, wadda ta ce aibin da ya bayyana cikin wata shida na farko ana ɗaukar da shi aka sayar da kayan, sai in shago ya tabbatar da akasin haka, sannan suka ce in turo su duba. Kuɗin aikawa ni na biya. Suka ce dubawar za ta ɗauki makonni, alhali sun fi ni sanin cewa daga 15 ga Maris ake rufe fatsar irin waɗannan kifaye a kogunan Ingila, sai 16 ga Yuni a buɗe. Ragowar gasannin hunturun duk da aron wando na yi su.

Na so in bar musu taurari uku saboda daren Janairu, amma ina cikin rubutun nan na tuna zif ɗin aljihun ƙirji ma ya cije tun makon farko, wayata ta maƙale a ciki sai da na sa kyandir na goga masa. Biyu na ba su. Jaket ɗin yana nan ina sawa zuwa tafki, wandon kuwa har yau yana hannunsu, ko saƙon sun karɓa ba su turo ba.