Gargaɗi Kan Masu Tallar Wayoyin "Masana'anta Marar Shara"

Jama'a, idan kuka ga talla a WhatsApp ko Facebook ko TikTok ana cewa an kawo wayoyi daga Amurka waɗanda wata "masana'anta marar shara" ta sabunta, kuma wai za a karɓi tsohuwar wayarku a rage muku kuɗi, don Allah ku dakata ku karanta wannan kafin ku tura ko sisi. Mu uku a gidanmu muka faɗa, ni da Umma da ƙanwata, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba a dawo mana da ko kobo ba.

Ƙanwata ce ta fara ganin tallar a zauren WhatsApp na matan unguwa. Bidiyo ne mai kyau: ma'aikata cikin fararen kaya da safar hannu, injuna na ta aiki, ana jera wayoyi a kwali. Wata murya tana bayani da Hausa garau cewa wannan kamfani ba ya zubar da komai, duk wayar da aka mayar masa sai ya wargaza ta ya sake haɗa ta sabuwa fil, shi ya sa ba ya asara, shi ya sa kayansa ke da araha. Farashin kuwa bai kai rabin na kasuwa ba. Maganar ta shiga kunnena don na san akwai masana'antu masu irin wannan tsari da gaske. Da wannan ɗan guntun gaskiyar ya kama ni.

Muka yi ciniki ta waya, na tura kuɗin wayoyi uku. Washegari ɗan aike ya zo a babur. Ya kunna su a gabanmu a zaure, ya haɗa su da intanet ɗin wayarsa, muka ga kyamara tana ɗauka tar, gilashi ba ko ƙwarzane. Yana ta duba agogo, wai akwai gidaje goma da ke jiransa. Ya karɓi tsofaffin wayoyinmu uku, ya ce za a tura su masana'anta don kada su zama shara. Babu wanda ya tuna ya sa layi a cikin sababbin kafin ya tafi.

Bayan magariba muka sa layukan. Ta Umma ta ƙi karɓar layin gaba ɗaya, muka gwada na kamfanoni uku, duk ɗaya. Ta ƙanwata tana kira tana amsawa, amma a saman gilashin harafin E, alamar 2G, kawai ke fitowa, hoto guda sai ya ci minti biyar bai buɗe ba. Tawa, iPhone, ta yi aiki lafiya kwana huɗu, ranar da ta sabunta manhajarta sai sabis ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Lambar mai sayarwa kuwa tun daren farko take a kashe.

Na kwashe su na kai wa wani mai gyaran waya da na daɗe da sani a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Ya zare mazaunin sim na iPhone ɗin, ya sa ɗan hantsaki ya ɗago wani abu siriri kamar ɓawon albasa, mai zanen ruwan zinare, ya ɗora a tafin hannuna.

"Yallaɓai, ka ga wannan? Wayar a kulle take da kamfanin layi na can Amurka. Wannan ɗan cif ɗin ne yake yaudararta ta karɓi layinmu. Da ta farga shi ke nan."

Na ce, "To Malam, sauran biyun fa, ba za su buɗu ba?"

Ya juya bayan ta ƙanwata, ya karanta lambar samfurinta, ya duba a kwamfutarsa, ya girgiza kai. "Wannan ko an buɗe ta ba ta da zangonmu. Ba lalacewa ta yi ba, ba don ƙasar nan aka ƙera ta ba." Ya ce a watan nan kaɗai an kawo masa irinsu ba ɗaya ba, ba biyu ba.

A nan nake so in tsaya, domin rashin sanin wannan ne ya ci mu. Duk wanda ya taɓa riƙe rediyo ya san akwai gajeren zango, akwai matsakaicin zango, akwai FM. Rediyon da FM kaɗai gare shi, ko sabo ne dal, ba zai kamo maka tashar da ke gajeren zango ba. Waya ma haka take. Tun da aka fara GSM a Najeriya a 2001, layukanmu na kira suna kan zangon 900 da 1800, 3G kuma a kan 2100. Amurka ta bi wata hanya daban. GSM ɗinsu a kan 850 da 1900 aka gina shi, sannan biyu daga cikin manyan kamfanoninsu, Verizon da Sprint, sun shafe shekara da shekaru a kan wani tsari na daban da ake kira CDMA, wanda wayoyinsa na farko ko ramin sim ba su da shi. Mu ma mun taɓa yin CDMA a nan. Masu shekaru za su tuna Starcomms da Multi-Links da Visafone, wanda MTN ta saye a 2016. Duk wanda ya riƙe wayar Starcomms ya san ba ta karɓar layin Glo.

Da 4G ta zo, bambancin bai ƙare ba, sai ya koma kan lambobin zango. A nan ƙasar zango na 3 da na 7 da na 20 da na 28 ne aka fi aiki da su, 5G kuma a kan n78. Verizon ta gina 4G ɗinta a kan zango na 13, Sprint a kan 25 da 26 da 41. Manyan wayoyi masu tsada sukan ɗauki zanguna da yawa, shi ya sa wata wayar Amurka take aiki a nan ba matsala. Amma ƙananan wayoyi masu araha da aka ƙera wa kamfanin layi guda, abin da kamfanin ke buƙata kawai ake sa musu. Irin ta ƙanwata ke nan: ta sami 2G ta maƙale, ba za ta taɓa ganin 4G ɗinmu ba ko a gindin eriya aka ajiye ta.

Sai kuma abin da ya faru a 2022. A shekarar ce, can Amurka, AT&T ta kashe 3G ɗinta, T-Mobile ta rufe CDMA ɗin Sprint da ta haɗe da shi tun 2020, Verizon kuma ta kashe nata ranar 31 ga Disamba. Tsofaffin wayoyi masu ɗimbin yawa suka rasa amfani a ƙasarsu. Abin da ya zama bola a can, mai mugun nufi zai iya sayensa a banza, ya goge, ya canza masa murfi, ya sa a kwali.

Maganar "marar shara" kuwa, bari in faɗi gaskiyarta don kada a yi jam'u da masu aikin kirki. Akwai ma'auni na gaske mai suna UL 2799, wanda ake tantance masana'anta da shi idan ta hana aƙalla kashi 90 cikin 100 na shararta zuwa juji, mataki mafi girma kuma sai wadda ta kai 100. Apple ma yana da na'ura mai suna Daisy, wadda ya fito da ita a 2018, tana iya wargaza iPhone 200 a awa guda don a ciro ƙarafa masu daraja. Amma wannan shaida ta shafi sharar masana'anta ce, abin da ake yi da gutsattsarin ƙarfe da roba da kwali. Ba ta ce komai a kan ko waya za ta kama sabis a Kano ko Maraɗi ba. Kuma rage shara ba ya sa waya ta faɗi zuwa rabin kuɗinta. Mutumin nan ya ɗauki suna mai kyau ne ya lulluɓe bola da shi.

Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mu da aka jibge wa gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988, yau ana kawo mana shara har zauren gida, mu biya kuɗi, a kuma ce mana muna taimakon muhalli. Sannan ɗan aiken ya tafi da wayoyinmu uku masu lafiya, waɗanda ke aiki da kowane layi na ƙasar nan. Ba na shakka a kasuwa suka ƙare.

Ba ina cewa duk wayar hannu ko 'yar Landan matsala ba ce. Akwai 'yan kasuwa masu amana da ke faɗa maka tun farko wannan buɗaɗɗiya ce daga kamfani, wannan kuma da cif take aiki, farashinsu daban. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi cinikin biri a sama. Ka sa layinka da hannunka, irin wanda za ka riƙa amfani da shi, ka kashe wifi, ka kira wani, ka kunna data ka ga 4G ta fito ta zauna. Ka zare mazaunin sim ka duba ko akwai wani abu siriri a kai. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. A iPhone, cikin saitin bayanin waya akwai wurin da ke nuna ko a kulle take da wani kamfani. Ku kuma sani, daga iPhone 14 na 2022 zuwa sama, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim, eSIM kawai suke ɗauka, wato layin da ake sawa ta manhaja ba da kati ba. In ka ga ta Amurka da rami, wani ne ya buɗe ta ya huda. Duk mai sayarwar da ya hana ka minti goma na gwaji, ko ba shi da shagon da za ka koma, ko ya ƙi rubuta rasit da lambar IMEI a jiki, bar masa kayansa.

Tsohuwar waya kuma kada ka miƙa ta ga kowa sai ka cire manhajar banki, ka fita daga WhatsApp da imel, ka goge komai. Mu ba mu yi ba. Da sassafe na ruga banki aka rufe manhajar Umma, Allah ya tsare ba a taɓa asusunta ba. Na kai ƙara wurin 'yan sanda da lambar asusun da na tura wa kuɗi, na kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Wanda abin ya shafa ya yi haka, kada kunya ta hana shi.

A cikin wayar Umma akwai saƙonnin muryar marigayi Baba da take saurara da dare, ba mu taɓa kwafe su wani wuri ba. Ba ta yi mini faɗa ba, sau ɗaya kawai ta ce, "Ba za a iya samo ta ba ko?" Na rasa abin da zan ce mata.

Makon jiya ƙanwata ta sake ganin tallar a wani zauren. An canza suna, an canza lamba, amma bidiyon nan ne na masu fararen kaya, muryar ma ita ce. Don Allah ku tura wa iyayenku da matanku da zaurukan unguwa.